Yadda Na Kusa Kunyata Kawu Issaka a Kumasi

Tun da na dawo daga Gana ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shagona na gyaran kwamfuta a unguwar Wambai, nan Suleja, kafin ya ajiye abin da ya kawo sai ya ce, "Shamsu, ya Gana?" In na ce lafiya lau, sai ya ce a'a, ba wannan ba, an ce ka tafka abin kunya. Na san wanda ya baza maganar. Bitrus ne, malamin makarantar nan da ke zaune a Chaza, abokina tun muna sakandare, don shi kaɗai na kira a waya ranar da al'amura suka caɓe. Tunda labarin ya riga ni isowa Suleja, kuma kowa na ƙara masa gishiri, gara ku ji shi daga bakina.

Kawu Issaka yayan mahaifiyata ne. Ya tafi Kumasi fataucin goro tun ba a haife ni ba, ya yi aure can, ya zauna a zango, unguwar Hausawa. Da girma ya zo masa sai ya buɗe 'yar makaranta a bayan gidansa, yara da safe, manya da yamma. Wani ofis da ya sabunta kayansa ya ba shi kyautar tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu, irin masu ƙaton akwatin nan da in ka kunna sai ka je ka yi alwala ka dawo ba su gama farkawa ba. Ya kira Umma yana ba ta labari, ita kuma ta ce ai ɗanta injiniya ne. Ni ba injiniya ba ne. Allon laftof nake canzawa, in sa wa mutane manhaja. Amma da Kawu ya kira ni da sunan, ban musa ba.

Ga inda na jawo wa kaina. A watannin nan na faɗa wata sabga, wato haɗa babbar manhajar kwamfuta, wadda komai ke tafiya a kanta, tun daga tushe. Maimakon ka sauko da wadda aka riga aka gama ka ɗora, sai ka sauko da ɗanyen rubutun da masu ita suka yi, ka ba wani shiri da ake kira kamfaila ya juya shi zuwa yaren na'ura. Kamfaila tafinta ne, kuma kai ke gaya masa iyakar wayon da zai yi. In ka ce masa O sifili, zai fassara yadda ya gani. In ka ce O biyu, zai gyara, ya rage kwana-kwana, aiki ya yi sauri. Akwai O uku. Sama da shi akwai Ofas, wato mai gudu. Sannan akwai wata kalma, netif, mai ce masa ya yi amfani da duk wata baiwa da ke cikin na'urar da ake aikin a kanta. A lissafina na lokacin, uku ta fi biyu, mai gudu ya fi uku, kuma ba mai ƙin baiwa. Na zaɓi Ofas, na ƙara da netif, na ce wa Kawu tsofaffin nan sai sun tashi sama. Shi kuwa ya sa ranar Asabar ta makon gaba don bikin buɗe ɗakin, ya gayyaci sarkin zango da iyayen yara.

Aikin na cin fiye da kwana guda ko a laftof ɗina sabo. Na fara shi ranar Laraba, aka ɗauke wuta kamar kullum, don haka ranar Alhamis da safe na shiga motar Legas da shi yana kan aiki a cikin jaka, murfi a ɗan buɗe, ga ƙaton fawabank a gefe. Wadda muka zauna tare wata 'yar kasuwa ce, Mama Ngozi, mai sayar da atamfa a kasuwar Suleja. Ba mu kai Gwagwalada ba ta fara muskutawa.

"Oga, me ke cikin jakar nan? Tana dafa mini cinya."

Na yi mata bayani. Ta dube ni, ta taɓa jakar, sannan ta zaro ƙullin alalenta ta ɗora a kai. Da muka tsaya a Lokoja ta buɗe shi yana tururi, ta ba ni ɗaya, ta ce wannan ne karo na farko da ta ga amfanin kwamfuta.

Na kwana a Agege wajen wani ɗan unguwarmu ta Hashimi, Juma'a da sassafe na kama hanyar iyaka. A nan wani jami'i ya ce in buɗe jaka. Ya ga baƙin allo, fararen rubutu na gudu sama kamar ana kora su. Ya ja da baya.

"Wa kake yi wa sata?"

Na ce ba kowa, ranka ya daɗe, gina kanta take yi. Ya kira abokan aikinsa biyu su zo su ji, ga wani ya ce kwamfutarsa na gina kanta. Duk bayanin da na ƙara sai ya ƙara dagula lamarin. Da na ambaci tushe, suka ce tushen wa. Ɗaya ya kai yatsa zai kashe, na riƙe hannunsa da hannu biyu ina roƙo, abin da ban taɓa yi wa wani namiji ba. Allah ya kawo wani dattijon jami'i ɗan Kontagora. Ya ce da Hausa, "Kai ɗan samari, ka ce aikin makaranta ne mana ka huta." Na nuna masa hoton kwamfutocin Kawu a waya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce duk wanda zai ƙetare ƙasa uku saboda waɗannan gawarwakin ba ɓarawo ba ne, sai dai a yi masa addu'a. Awa biyu muka ɓata. Fasinjojin motarmu ba wanda ya sake yi mini magana har Lome.

A Kwatano na ga abin mamaki: 'yan acaɓa sanye da riga iri ɗaya, ruwan ɗorawa, kuma in danja ta nuna ja suna tsayawa. Da gaske suna tsayawa. Na tuna namu na Suleja da ke ɗaukar jar danja a matsayin shawara. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi kamar zuma, burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri, mata na tafe da shi a hammata.

A Lome na sauka wani ɗan masauki na wata mata da ba ta jin komai sai Faransanci da yarensu. Na shiga ɗaki da gudu don batir ya kusa ƙarewa, na tarar da soket ɗinsu rami biyu ne zagayayyu, fulogina kuwa mai ƙafa uku ne. Na fito ina nuna mata yatsu uku ina nuna bango. Ta gyaɗa kai, ta tafi, ta dawo da dafaffen ƙwai uku. Kafin in samo wani Bazabarme mai tireda da ya ji Hausa ya sayar mini da adafta, laftof ya mutu. Sa'ar da na ci, aikin na iya ci gaba daga inda ya tsaya. Na zauna na cinye ƙwan, na bi da tuwon masararsu mai tsami da miyar yauƙi mai barkonon da ya sa na ji kunnena na ƙara.

Asabar na shiga Gana. Mutanen nan layi suke bi wajen shiga mota, ba turereniya, ba mai shiga ta taga. Ko zagin ka za su yi sai sun fara da neman afuwa. A hanyar Kumasi kusan kowane gari muka wuce akwai rumfuna, mutane cikin ja da baƙi, kiɗa na tashi, ana rawa. Na ce wa na kusa da ni bikin wa ake yi, ya ce jana'iza ce, mamacin ya yi wata biyu a firji ana jiran 'yan uwa. Mu kuwa in mutum ya rasu da hantsi kafin la'asar an dawo daga maƙabarta.

Kawu ya tarbe ni a ƙofar gida, dogo, siriri, haƙora jajaye da goro. Hausar zango ta ba ni wuya a kwanan farko, don ba ruwansu da mace ko namiji. Wani maƙwabci ya ce mini, "Matana ya tafi kasuwa, in ya dawo zai gaishe ka." Na rasa inda zan sa idona. Abinci kuwa ban da abin cewa. Wake da shinkafarsu ana zuba masa taliya, da garin rogo, da ƙwai, da wani baƙin yaji mai mai, duk a faranti ɗaya, kamar mai abincin na kwashe kayan ɗaki. Na yi niyyar rainawa, na ƙare da neman ƙari.

Litinin da safe aikin ya riga ya kammala. Na kwafe manhajar a kwamfuta ta farko. Kawu na tsaye a bayana, da malamai biyu, da wata dattijuwa gajera mai tabarau da ake kira Anti Akosua. Maƙwabciyarsa ce, Kirista, ta yi ritaya, ita ke koyar da lissafi a ajin manya kyauta. Tana jin Hausar zango, kuma tun da Kawu ya ce daga Abuja nake ta sa mini suna Abuja. Na ce mata Suleja, ta ce ba ta taɓa ji ba.

Na danna. Allo ya kawo, ya yi layi uku, ya tsaya. Ya rubuta da Turanci cewa an ba shi haramtaccen umarni. Ɗaya daga cikin malaman ya fassara wa Kawu.

"Haram?" in ji Kawu. "Me ka sa musu?"

Na gwada ta biyu, haka. Ta uku, haka. Can na gane: netif ne. Na sa an fassara komai daidai da ƙwaƙwalwar laftof ɗina, wadda ta san umarnin da ba a ƙirƙiro ba lokacin da aka ƙera waɗannan tsofaffin. Na ce wa Kawu gajiyar hanya ce, manhajar na buƙatar ta saba da yanayi. Ya ce to. Anti Akosua ta goge tabarau ta fita.

Na cire netif, na sake farawa daga farko. Amma Ofas na bar shi. Na ce a raina in na cire wannan ma, me na kawo daga Najeriya?

Laraba da hantsi aka gama. Na danna, ta tashi. Kawu ya yi hamdala, malamai suka tafa, ni kuma na fara tafiya ina buɗe hammata. Anti Akosua ta ja kujera ta ce bari ta shigar da makin ajin manya na wannan zangon karatu ta gani. Ta shigar, ta ce wa shirin ya fitar da matsakaicin maki ya jera su. Ta daɗe tana kallon allo, sannan ta kira Kawu.

"Alhaji, zo ka ga wanda ya yi na ɗaya."

Baba Awudu ne, wani mahauci da ya rubuta sunansa a farkon zango bai sake leƙowa ba. Ko jarrabawa ɗaya bai zauna ba. Malaman suka fashe da dariya, ɗayansu ya fita da gudu, na san kuma ba bayi ya tafi ba. Kawu ya dube ni, ya dubi allo, ya ce zai je ya duba masu kawo rumfa.

Da ɗakin ya rage mu biyu ta ce, "Abuja, nuna mini layin da ka ba kamfaila."

Ashe shekaru ta yi tana kula da ɗakin kwamfuta a wata kwalejin fasaha kafin ritaya. Na buɗe mata. Ta karanta da yatsa.

"Wa ya ce ka sa Ofas?"

"Na ga ya fi sauri, Anti."

"Ka auna?"

"Ban auna ba."

Ta cire tabarau. Ta ce Ofas izini ne ga kamfaila ya ɗauka cewa lissafi ba zai taɓa fitar da shirme ba. Shirin makin nan yana da wurin da yake dubawa, in aka raba sifili da sifili, kamar makin wanda bai zauna jarrabawa ko ɗaya ba, ya sa layi a gaban sunan mutum. Kamfaila ya ga an ce masa hakan ba ya faruwa, sai ya jefar da dubawar. "Yau mun gani mun yi dariya, don kowa ya san Awudu. Wanda ba mu gani ba fa? Yarinyar da za a ce ya faɗi alhali ya ci?"

Na ce to in sauko O uku. Ta ce O uku ba ya karya dokar lissafi, amma yana kumbura shiri, tsofaffin nan kuwa cikinsu ƙarami ne, sau da yawa ba abin da za ka ƙaru da shi, wani lokaci ma nauyi yake ƙara musu. Kuma in akwai ɓoyayyen kuskure a rubutun wani shiri, a nan ya fi son ya fito. Yawancin masu rubuta shirye-shiryen da O biyu suke gwadawa, inda jama'a suka fi bi nan aka fi gano ramuka aka cike. "In wata rana ka sami shiri guda, ka auna ka ga O uku ya taimake shi, sa masa shi kaɗai. Ba ka ɗura wa gida duka maganin mutum ɗaya ba."

Ta zaro wani ɗan filash daga jakarta ta ajiye a tebur. Ta ce a ciki akwai manhaja mara nauyi da aka riga aka gama, rabin yini ya ishe ta ta sa wa dukansu. "Amma ka ce wa kawunka kai za ka gina. Gina. O biyu, kuma don na'urar da ya fi tsufa a ɗakin nan. In an sauko Juma'a ba ka gama ba, zan sa nawa, kuma ni zan gaya wa Alhaji dalili."

A ranar ne na kira Bitrus ina neman mai lallashi. Sai da na cire wayar daga kunne saboda dariyarsa.

Na gyara layin, ya koma gajere abin tausayi, na sake farawa karo na uku. Alhamis da rana aka ɗauke wuta. Su ma ana ɗauke musu, har suna suka sa wa abin, dumso, sai na ji kamar ina gida. Anti Akosua ta ce layin gidanta daban ne, na rungumi laftof na bi ta. Ta daka mini sakwara da miyar gyaɗa, na kai loma na fara tauna, ta buga tebur. Ta ce ba a taunawa, haɗiyewa ake yi, wane irin mutane ne ku. Na haɗiye, idona ya kawo ruwa. Muna ci muna kallon rubutu na gudu, tana ba ni labarin ɗaliban da ta gani irina, masu son lamba mafi girma a komai. Ta ce akwai wanda ya taɓa rubuta O tara.

Juma'a kafin a tafi masallaci aka gama. Ta ce mu fara da wadda ta fi tsufa. Kwamfutar ta tashi. Anti Akosua ta shigar da makin da kanta, muka zuba ido. Gaban sunan Baba Awudu layi ne, yana can ƙasan takarda inda ya dace. Ta sa na buɗe kowane shiri da za a yi amfani da shi, ɗaya bayan ɗaya, sai da ta gamsu ta mayar da filash ɗinta jaka. Sha ɗaya suka tashi. Ta sha biyu da na buɗe cikinta na tarar da busasshiyar tsaka manne a allon wayoyin ciki, wannan kam ba laifina ba ne. Ba su tashi sama ba, gaskiya. Amma suna buɗewa kafin mutum ya gaji da jira, kuma ba sa ƙarya.

Bayan la'asar na sami Kawu a zaure yana ɓare goro. Na durƙusa na ce masa ba gajiyar hanya ba ce, ni na ɓata, sau biyu, kuma ni ba injiniya ba ne. Bai ɗago ba.

"Shamsu, shekara nawa na yi ina sayen goro? Na san fuskar mutumin da ƙasan kwandonsa ya ruɓe. Tun Litinin na gan ta." Ya miƙo mini ɓari. "Jira nake in ga ko za ka faɗa da bakinka kafin ka tafi. Uwarka ba sai ta ji ba."

Asabar rumfa ta cika. Kawu ya miƙe gaban sarkin zango ya ce ga ɗan ƙanwarsa, ya zo da injin jirgin sama zai ɗaura wa amalanke, Akosua ta hana shi. Aka yi dariya, aka tafa mata, aka ɗan tafa mini. Sarki ya danna maɓalli, allo ya kawo.

Ana shirin addu'a sai ga wani ƙaton mutum cikin babbar riga sabuwa, da 'ya'yansa a baya. Baba Awudu ne. Labari ya kai masa mahauta tun Laraba. Ya gaida sarki, ya ce ya zo karɓar kyautarsa ta na ɗaya. Kawu ya nuna ni ya ce ga mai bayani. Na fara yi masa maganar raba sifili da sifili, ya ɗaga hannu.

"Na'ura ba ya ƙarya. Ya ce ni ne na ɗaya, ku kuka je kuka canza shi."

Anti Akosua ta ce to, na ɗaya, zo ka rubuta sunanka jama'a su gani. Ya tsaya. Sai ya tattare hannun riga, ya zauna a kujerar yara har tana ƙara, ya ce ta nuna masa inda harafin farko yake. Minti goma ya ɗauka da yatsa ɗaya, harafi biyar. Da sunan ya fito a allo ya juyo ya dubi 'ya'yansa, ba wanda ya yi dariya. Litinin da yamma shi ya fara zuwa aji.

Ranar da zan taho ya aiko mini da ƙullin tsire mai yawa. Ɗan aiken ya ce Baba ya ce a gaishe ni, duk zangon nan ni kaɗai na san darajarsa, kuma in zan sake zuwa in taho masa da manhajar farkon, wadda ta ba shi na ɗaya.